Wai kallon tsuntsu aikin Turawa ne

To, masu cewa ba ni da aikin yi, na ga saƙonninku duka. Hoto ɗaya na saka ranar Asabar daga bakin dam ɗin Lamingo, ni da madubin hangen nesa a wuya, shi ke nan aka buɗe min zaure. Wani ya ce sanyin Jos ne ya taɓa min ƙwaƙwalwa. Wani ya ce in kamo biyu a yi farfesu. Duk na yi dariya. Wanda ya tsaya min a maƙogwaro shi ne bawan Allahn da ya rubuto wai "Malam, wannan ai aikin Turawa ne."

Aikin Turawa? Kakata ba ta taɓa ganin Bature ido da ido ba, amma ranar da shamuwa ta sauka kan tsamiyar gidanmu, ranar take sa a fiddo iri a gyara fartanya. Shirwa ta cika gari, ta san rani ya kama. Mutanen da suka raɗa wa zalɓe suna, suka raɗa wa balbela, dinya, gauraka, kirinjijiya, a Landan aka koya musu? Sai da suka zauna suka kalla tukuna suka sa suna. Mu ne muka daina kallo, muka manta, yanzu kuma muna ce wa abin gidanmu baƙo.

Bari in gaya muku abin da na gani, tunda hoton bai nuna ba. Ƙarfe shida da rabi, hazo ya kwanta kan ruwa, yatsuna sun ƙage har na kasa murɗa madubin. Can sai ga garken kirinjijiya, fuskokinsu fari fat kamar an shafa musu alli, suna ta fito tun daga sama kafin su sauka. A gefen taɓo kuma wani ɗan tsuntsu mai siririn baki yana tafe yana kaɗa gindi ba hutu. Irinsa a Turai suke ƙyanƙyasa. Wannan ɗan abin da bai cika tafin hannu ba ya ratso Sahara, ba biza ba guzuri, ya zo cin hunturu a ƙasarmu. Na tsaya ina ta Subhanallah ni kaɗai. In wannan aikin banza ne, Allah ya ƙara min irinsa.

Za ku ce ana fama da tsadar masara wa ke ta tsuntsu. Na ji. Amma awa uku da kuke yi a majalisa kuna musun ƙwallon Ingila, ita ta sauko da farashin masarar? Ku bar wannan zancen.

Abin haushin ma, a nan Laminga, bayan gari kaɗan, akwai dajin Amurum da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke tare da Jami'ar Jos. Ɗalibai na zuwa daga wasu ƙasashen Afirka su yi digiri na biyu a can. An ƙirga tsuntsaye sama da iri 300 a wannan ɗan dajin. Akwai wani ɗan jan tsuntsu na cikin duwatsu da sai a 1998 masana suka tabbatar nau'i ne na daban, kuma a duwatsun Jos ɗin nan aka gano shi. Mu da ke kwana kusa da shi, nawa ne cikinmu suka taɓa leƙawa? Ku je Dagona a Yobe, ko fadamar Haɗeja da Nguru, ku ga agwagin da ke tasowa daga Rasha da Turai duk hunturu, dubbai. Yarima Philip na Ingila takanas ya zo Dagona a 1989. Shi ya keto duniya don ya ga namu, mu kuma muna cewa nasa ne. Ba nasa ba ne. Ba aikin Turawa ba ne, ko sau nawa za ku maimaita.

Asabar mai zuwa ma zan koma in sha Allahu, wanda zai bi ni ya taho da rigar sanyi mai kauri, ya bar danko a gida. Kuma don Allah masu shayin hanyar nan ku riƙa fitowa da wuri. Na dawo hannuna kamar ƙanƙara, na zaga teburi uku, babu wanda ya hura wuta. Ƙarfe takwas fa! A Jos, cikin Janairu!