Daga Takardar Bincike Zuwa Ɗakin Haihuwa: Ingila da Gida

Duk inda aka taru ana maganar yawan mutuwar mata wajen haihuwa a arewacin Najeriya, ba a rasa mai jawabin da zai ce muna buƙatar ƙarin bincike. Ni ungozoma ce, na yi aiki a gida kafin in koma wani asibitin gwamnati a arewacin Ingila, kuma a ganina wannan magana ta tsufa. Biyu daga cikin abubuwan da suka fi kashe mana mata, wato jijjiga da zubar jini bayan haihuwa, an daɗe da sanin maganinsu, kuma da matanmu aka yi wani kaso mai yawa na binciken da duniya take dogaro da shi a yau. Inda aka bar mu a baya shi ne hanyar da sakamakon bincike yake bi daga mujallar likitoci har ya isa hannun ungozomar da take aikin dare ita kaɗai a ƙaramin asibiti. A wannan hanya ne na ga bambancin gaske tsakanin nan da gida, fiye da na gine-gine ko na injuna.

Tarihin maganin jijjiga ya isa misali. Tun 1995 wani babban gwaji na ƙasa da ƙasa ya nuna cewa allurar magnesiyam ta fi dayazefam hana jijjiga dawowa ga mai ciki. A 2002 gwajin Magpie, wanda aka yi da mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33, ya ƙara nuna cewa idan aka ba mai hawan jinin ciki wannan allura kafin ta fara jijjigar, haɗarin yana raguwa da fiye da rabi. Maganin tsoho ne, mai araha ne, ba ya buƙatar firji. Duk da haka sai a 2008 aka shigar da shi yadda ya kamata a asibitoci goma na gwamnatin jihar Kano, a wani shiri da ƙungiyar Population Council ta tallafa wa, inda aka horar da likitoci da ungozomomi, aka rubuta musu ƙa'idar aiki mai sauƙi, aka kuma ajiye musu maganin a hannu. Rahoton da likitocin Kano suka wallafa ya nuna cewa mutuwa a cikin masu wannan ciwo ta sauka daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa kashi 2 da ɗoriya. Babu wani sabon ilimi da aka gano a 2008. Abin da aka yi shi ne cire wa ma'aikata tsoron maganin, aka koya musu yadda za su duba numfashin mace da yawan fitsarinta da motsin gwiwarta don su san ko ya yi mata yawa, sannan aka tabbatar yana cikin kabad. Shekara 13 ke nan tsakanin sani da aiki, kuma duk wadda ta yi aikin ɗakin haihuwa a wancan lokaci ta san fuskokin da suke cikin waɗannan shekaru.

Kada a ɗauka Turawa sun tsira daga wannan jinkiri tun asali. A 1972 likitoci biyu a birnin Okland na ƙasar Niyuzilan, Liggins da Howie, suka nuna cewa allura mai araha da ake yi wa uwar da za ta haifi bakwaini tana taimaka wa huhun jaririn ya nuna, amma sai da aka shafe kusan shekara 20 kafin abin ya zama aikin yau da kullum a Birtaniya da Amurka. Irin wannan asara ce ta sa suka gane cewa ba a barin sakamakon bincike ya nemi hanyarsa da kansa. A 1999 aka kafa hukumar NICE, wadda aikinta shi ne tattara abin da bincike ya tabbatar, ta auna shi da kuɗin da zai ci, ta fitar da shi a matsayin ƙa'idar aiki. Idan ta amince da wani magani ta hanyar tantancewarta ta hukuma, doka ta wajabta wa hukumomin lafiya na Ingila su samar da kuɗinsa, galibi cikin wata uku. An ga ƙarshen saurin wannan tsari a lokacin annobar korona, lokacin da masu gwajin RECOVERY na jami'ar Oksfod suka sanar a ranar 16 ga Yuni 2020 cewa maganin deksametason yana rage mutuwar waɗanda aka sa wa injin numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma a ranar aka aika wa asibitoci umarnin su fara amfani da shi.

Sai dai abin da ya fi tasiri a kaina ba a matakin hukuma yake ba, a cikin ɗakin haihuwa yake. A inda nake aiki akwai keken gaggawa na zubar jini da yake tsaye a wuri guda wanda kowa ya sani, da allurai da ruwan ƙari da takardar matakai a manne a jikinsa, kuma akwai wadda za ta buɗe shi kowace rana ta ƙirga kayan ta sa hannu, ko da an yi mako ba a taɓa shi ba. Ba a kimanta jinin da mace ta zubar da ido. Ana ɗora audugar da ta jiƙe da zannuwan gado a kan sikeli, a cire nauyinsu na bushe, kowane giram ɗaya a lissafa shi mililita ɗaya, ana kiran adadin da ƙarfi wata tana rubutawa da lokacinsa. Kowace shekara dole ne likita da ungozoma da mai ba da maganin barci su taru su yi atisayen wannan yanayi da mutum-mutumi, babba da ƙarami, kowa da inda zai tsaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, to a nan an mayar da wannan magana jadawalin aiki. Idan kuma ƙa'ida ta canza, akwai ungozoma guda da aikinta ke nan, ita za ta bi kowa har ta ga ya karanta ya kuma gwada, bayan wasu watanni a ɗauko fayilolin marasa lafiya a ƙirga sau nawa aka yi abin da aka ce a yi.

Yanzu a kwatanta wannan da labarin allurar taranekzamik, mai rage zubar jini. Gwajin WOMAN, wanda aka wallafa a 2017, an yi shi da mata fiye da 20,000 a ƙasashe 21, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da suka fi ba da mata masu yawa. Ya nuna cewa idan aka yi allurar cikin awa uku da haihuwa, mutuwa ta dalilin zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, idan kuma aka wuce awa uku amfanin ya tafi. A cikin shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta shawararta. Da na tambayi wata babbar ungozoma da ta rene ni a aiki a gida ko suna amfani da ita, sai ta ce, "Ƙanwata, mun san ta sarai, har bita an yi mana a kanta. Amma idan babu a sito, sai dai in rubuta a takarda in miƙa wa mijin ya fita bakin ƙofa ya nemo." Na ce, "Yaya, da dare fa?" Ta ce, "Da dare sai ya buga wa mai kemis ƙofa, idan da kuɗin a aljihunsa." Awa ukun da bincike ya ƙayyade a nan suke ƙarewa, tsakanin neman ɗan acaɓa da kiran 'yan'uwa a haɗa kuɗi, kuma galibi matar ta riga ta cinye awa ɗaya ko biyu a hanya kafin ta iso. Ilimin ya isa kan ma'aikaciya, amma bai isa sito ba, kuma babu wani mai suna da kujera da za a tambaya dalili.

Abin da ya hana ni yarda da masu cewa wannan tsari sai ƙasashe masu arziki shi ne gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ba sabon magani aka gwada ba. Wata leda ce mai siffar mazurari da layukan awo a jikinta ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jinin yana taruwa a ciki ana ganin inda ya kai, kuma da zarar ya kai mililita 500, ko ƙasa da haka idan akwai alamun haɗari, sai a yi komai a lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a jira: a murza mahaifa, a yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke da ta taranekzamik, a sa ruwa, a duba inda jinin yake fitowa. Aka haɗa da keke ko akwatin kayan gaggawa, da atisaye a cikin asibitin, da wasu ma'aikata da aka ɗora wa alhakin abin, da rahoton da ake mayar wa kowane asibiti na yadda ya yi. A asibitocin da suka bi wannan tsari an gano zubar jini a kashi 93 cikin ɗari na waɗanda abin ya sama, a sauran kuwa kashi 51, kuma mummunan sakamako ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Duk wanda ya karanta wannan zai ga cewa kusan abin da nake gani a Ingila ne, aka yi shi a asibitocinmu, da ma'aikatanmu, da wutar lantarkinmu mai zuwa tana ɗaukewa. Damuwata ita ce abin da yake faruwa idan kuɗin masu bincike ya ƙare kuma ledar ƙarshe ta fita daga kwali, domin mun sha ganin shiri ya mutu ranar da motar masu tallafi ta daina zuwa.

Ba ina kiran a kwafo ƙa'idojin Ingila a manna a bangon asibitin Ɗanbatta ko na Maraɗi ba ne. Allurar bakwainin nan da na ambata, lokacin da aka faɗaɗa ta zuwa ƙananan wuraren haihuwa a wasu ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna ƙarin mutuwar jarirai, kuma cikin dalilan da aka kawo akwai rashin sanin watannin ciki daidai, har ana yi wa waɗanda ba sa buƙata. Sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwada ta a asibitocin da suke iya tantance watannin ciki da kula da jarirai, har da na Najeriya, kafin a 2020 a tabbatar da inda take amfani. Haka oksitosin, wanda yake son sanyi, ƙarfinsa yana raguwa idan ya daɗe a zafin Afrilu na Sakkwato ba firji. Sannan a arewa maso yamma yawancin mata a gida suke haihuwa, don haka duk ƙa'idar da ta tsaya a ƙofar asibiti ta bar mafi yawansu a waje. Ita kanta Ingila ba ta gama nata aikin ba, domin rahotannin bitar mace-macen masu ciki, waɗanda ake yi tun 1952, suna nuna cewa haɗarin mutuwar baƙar mace ya ninka na farar mace fiye da sau biyu. Amma ko wannan abin kunya an san shi ne saboda ana bin kowace mutuwa a rubuta abin da aka yi da abin da aka bari.

Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suke mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa a duniya, bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma yawancin asibitocin da talaka yake zuwa na jihohi ne da ƙananan hukumomi. Saboda haka maganata ga kwamishinonin lafiya na jihohinmu take. Ina so a ce a kowace ma'aikatar lafiya akwai ofishi guda, da mutum guda da aka sani, wanda idan aka tabbatar da abu kamar ledar awon jini, shi zai rubuta ƙa'idar a shafi ɗaya da Hausa da Turanci, ya sa kayan cikin kasafin hukumar sayen magunguna ta jiha, ya tsara atisaye a cikin asibitin maimakon bita a otal da kuɗin zama, sannan kowane wata uku ya kawo wa kwamishina lissafin asibitocin da suke da magnesiyam da taranekzamik a kabad a daren da aka shiga dubawa ba da sanarwa ba. Kwamitocin bitar mutuwar masu ciki da jarirai sun riga sun wanzu a tsarin lafiyar ƙasar, sai a ƙara musu tambaya guda a kan kowace mace da aka rasa: ƙarfe nawa ta fara zubar jini, ƙarfe nawa aka yi mata allura, idan kuma ba a yi ba, wa ya kamata ya sayo ta ya ajiye. Amsar nan a karanta ta a gaban majalisar dokokin jiha lokacin kare kasafin kuɗi, da sunan kowace ƙaramar hukuma da adadin matanta.