Ɗan gaba a ragbi ba mai cin ƙwallo ba ne

Mai kallon ƙwallon ƙafa da ya ji an ce wane ɗan wasan gaba ne a ragbin lig, wato nau'in ragbi mai 'yan wasa goma sha uku, sai ya ɗauka shi ne mai zura ƙwallo. Ba haka abin yake ba. A cikin 'yan wasa goma sha uku na kowace ƙungiya, shida ne 'yan gaba, kuma su ne ƙartin fili. Aikinsu ɗaukar ƙwallo su kutsa cikin abokan hamayya da ƙarfin tsiya, su ci ƙasa kaɗan-kaɗan, sannan su tare duk wanda ya taho da gudu. Cin maki galibi na 'yan baya ne masu sauri.

Dubi Sam Burgess, ɗan wasan gaba ɗan Ingila da ya fara da ƙungiyar Bradford Bulls, ya koma South Sydney ta Ostareliya a 2010. A wasan ƙarshe na gasar NRL ta 2014, babbar gasar ragbin lig ta Ostareliya, a karo na farko da ya yi da abokin hamayya ƙashin kumatunsa ya karye. Bai fita ba, ya buga har aka tashi. Suka doke Canterbury da ci 30 da 6, kofinsu na farko tun 1971, aka ba shi lambar gwarzon wasan alhali bai ci maki ko ɗaya ba.

Ni dai ina ganin ganganci ne. Jiki kuma ba ya yafe irin wannan aiki: ciwon kafaɗa ya sa ya ajiye wasa a 2019, yana da shekara talatin kacal.