Sulhun me kuma a caji ofis?

Tun jiya wasunku suke turo min saƙo wai "Alhamdu lillahi, an sasanta." An sasanta me? Daren jiya ban runtsa ba, na yi ta juyi har aka kira assalatu, na ce in ban rubuta ba abin nan zai zame min ciwo. Duk mutumin yankin nan ya san maganar, ba sai na maimaita ba. Ba zan faɗi sunan yarinyar ba, ba zan faɗi ƙauyen ba, masu bin ni a ɓoye suna tambaya "wai 'yar gidan wa ce?" ku huta. Abin da ya isa ku sani shi ne 'yar shekara 13 ce, an yi mata fyaɗe a gonar gero, uwarta ta riƙe ta a kan acaɓa har caji ofis, bayan kwana tara kuma aka dawo da su gida da naira dubu 70 a ƙulle a baƙar leda da kalmar "a yi haƙuri, ƙaddara ce." Shi kuwa gogan naku da ya yi mata wannan aika-aika, jiya da la'asar yana majalisa yana kurɓar shayi, har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Wannan ne ake yi wa hamdala.

Ni ba labari aka ba ni ba. A ɗakin shan maganin da nake aiki aka kawo ta, kuma uwar da bakinta ta zayyana min yadda suka kwashe. Da suka isa, a kanta aka tsayar da su. A kanta, jama'a! Ga wanda ya zo ƙarar an sace masa akuya, ga masu rigimar bashin taki, ga wasu samari da aka kamo da daddare suna zaune a ƙasa suna kallo. A gabansu aka ce yarinya ta faɗi abin da ya faru, kuma ta ɗaga murya ba a jin ta. Tambayar farko ita ce "Me ya kai ki gona ke kaɗai?" Ta biyu "Dama kin san shi?" Ba wanda ya ce mata sannu, ba wanda ya ce ta zauna. Uwar ta ce, "Yallaɓai, jini take zubarwa." Aka ce sai an rubuta bayani tukuna, mai rubutawar kuma ya fita cin abinci.

Daga nan sai kuɗi. Kuɗin takardar da za a kai asibiti. Kuɗin man da za a zuba a mota a je a kamo shi. Kuɗin fayil. Matar nan tunkiyarta guda ta sayar a kasuwar Laraba, a wulaƙance, don mai saye ya ga idonta ya san a matse take. Kwana uku tana zarya. Ran na huɗu da ta je sai ta tarar da baffan wanda ake zargin da wani mai faɗa-a-ji na mazaɓa zaune a benci a gindin darbejiya a harabar ofishin, an shimfiɗa musu fuska, aka ce, "Inna, zo ki zauna a yi magana ta fahimta." To ku gaya min, wa ya kira su? Wa ya ba su benci?

Abin da nake so ya shiga kunnenku ke nan: sulhun nan ba daga sama yake faɗowa ba, dafa shi ake yi. A gajiyar da uwa, a tatse ta, a kunyata 'yarta a gaban ƙatti, a nuna mata hanyar kotu doguwa ce mai ƙaya, sannan a buɗe mata ƙofa ɗaya tak mai sauƙi, a ce ai ita ta zaɓa da kanta. Ba ta zaɓa ba. Tura ta aka yi. Kuma fyaɗe ba rigimar iyakar gona ba ce, ba bashin taki ba ne. Laifi ne da hukuma take tuhuma, ba hurumin uba ko dagaci ko ɗan sanda ba ne ya ce an yafe, a rufe fayil. Jami'in da ya zauna aka ƙirga kuɗin nan a gabansa ya san haka fiye da ni.

Na san masu cewa "ba duka 'yan sanda ne haka ba" sun riga sun fara rubutu. Na sani, ƙanin mijina ɗan sanda ne, kuma na san wata jami'a da ta taɓa cire kuɗi a jakarta ta biya wa yarinya mota. Allah ya saka mata. Amma ƙasa ba ta tafiya a kan dacen haɗuwa da mutumin kirki. Masu cewa "ai ba a ba su man mota" ma na ji ku, gaskiya ne. To sai a karɓa a hannun wadda aka zalunta? Ku je ku tambayi waɗanda kasafin yake bi ta hannunsu, ku ƙyale tunkiyar talaka.

Sai 'yan "in ɓera da sata, daddawa ma da wari." Ku kam ba ni da lokacinku. 'Yar shekara 13 da aka aika ta kai wa ubanta fura gona, warin me ta yi? A 2020 da 'yan sanda suka kama wani mutum a Kwanar Ɗangora ta jihar Kano bisa zargin yi wa mata 40 fyaɗe, har da tsohuwa mai shekara 80 a ciki, ita ma kwalliya ta yi? Ku ji tsoron Allah.

Abin da ya fi ƙona min rai a matsayina na ma'aikaciyar lafiya shi ne lokaci. Akwai maganin da ake ba wadda aka yi wa fyaɗe don kare ta daga ƙanjamau, amma dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa shi ma kwana biyar ne iyakarsa, kuma gara da wuri. Shaidar da likita zai gani a jiki da tufafi kuwa kowace awa raguwa take. Yarinyar nan sai a kwana na huɗu aka ba su takarda. Kafin nan uwar ta yi mata wanka da ruwan zafi, ta wanke zanen da sabulu, don ba wanda ya ce mata kada ta yi, kuma wace uwa ce za ta bar 'yarta a haka? Kalma biyu daga bakin wanda yake kanta da sun isa: ku wuce asibiti yanzu, kada ku wanke kayan. Bayanin ya biyo baya. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano, akwai irinta a Dutse, an kafa su ne musamman don wannan, a duba yarinya, a ba ta magani, a lallashe ta, a rubuta rahoton da kotu za ta karɓa. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa jin sunansu? Kuma aikin wa ne ya faɗa musu in ba wanda suka fara kai wa kuka ba?

Doka kuwa, ai mu gwanaye ne. A watan Yunin 2020 gwamnoni suka taru suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. Kaduna ta ce dandaƙa. Mu nan Jigawa a 2021 Gwamna Badaru ya sa hannu a dokar hana cin zarafi mai hukuncin kisa ko ɗaurin rai da rai, a ƙarshen shekarar kuma aka ƙara da dokar kare yara wadda ta ce wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara 10 ba fyaɗe, kisa ne kawai. Muka yi ta tafi a rediyo. Madalla. Sai dai alƙali ba ya yanke hukunci a kan shari'ar da ta mutu a gindin darbejiya. Ku sa hukuncin ya zama yankan rago ma in kun so, in fayil ɗin bai bar caji ofis ba, takarda ce kawai a cikin durowa.

In ma an yi sa'a ya bari, sai a shiga wani dajin. A kai mutum gaban majistare, shi kuma ba shi da hurumin sauraron shari'ar fyaɗe, iyakarsa ya ce a tsare. Fayil ya tafi sashen binciken manyan laifuka a hedikwata, daga can ya tafi ma'aikatar shari'a a jira shawarar lauyoyin gwamnati, sannan Babbar Kotu. Wata da watanni. Ranar zama uba ya bar gonarsa a tsakiyar damina, ya ranci kuɗin mota na mutum uku, su isa a ce mai bincike an yi masa canjin wurin aiki, ko likita bai zo ba, an ɗage. Sau uku, sau huɗu, sai ya ce "na bar wa Allah." Sai a rubuta cewa masu ƙara sun daina zuwa. Ka ji, su ne ma masu laifin.

Kuma in yarinya ta daure ta tsaya, lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe ya fara tona mata asiri a gaban cikakken ɗaki: samarinki nawa, wa kika taɓa bi. Alhali sashe na 234 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana a tambayi mai ƙara tarihinta da wani namiji daban sai da izinin kotu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ma ta yarda a saurari irin wannan shari'a a keɓe, a sakaya sunan mai ba da shaida. Ba sabon abu nake roƙo ba, abin da aka riga aka rubuta ne. Alƙali ya fitar da 'yan kallo, ya tsawata wa lauya, ya sa ranaku a jere. A caji ofis a ware ɗaki guda mai ƙofa, a sa mace ta karɓi bayani sau ɗaya, kada a sa yarinya ta maimaita wa mutum shida. Ɗaki guda da ƙofa, shi ne ya gagara?

Masu fakewa da addini su ce rufin asiri ya fi, ku ma zo nan. Asirin wa aka rufa? Garin nan kaf an san yarinyar, har an fara hana yara wasa da ita, ta daina zuwa Islamiyya. Wanda asirinsa ya rufu yana majalisa. Imamu Malik da muke bin mazhabarsa cewa ya yi wadda aka tilasta babu haddi a kanta, hukunci yana kan wanda ya tilasta ta, sannan ya biya ta sadakin irinta. Biyan ƙari ne a kan hukunci, ba fansa ba ce daga gare shi. Ku kun ɗauki rabin da ya yi muku daɗi kun jefar da rabi.

Wallahi ba don in ci mutuncin kowa nake wannan rubutu ba. Da na gama duba ta ranar, na ce ta tashi mu tafi, sai ta riƙe gefen hijabina ta ce, "Anti, ni ma za a kulle ni?" Abin da ta ɗauko daga caji ofis ke nan, cewa ita ce ta yi laifi. Na rasa amsar da zan ba ta, na fita bayan ɗaki na yi kukana na dawo. Uwarta ba na ganin laifinta ko kaɗan, da ni ce a matsayinta, babu tunkiya ta biyu, ban san me zan yi ba. Ledar nan har yau tana ƙarƙashin katifarta, ta ce ta kasa taɓawa.

Ga ƙanwar yarinyar kuma yau da safe na gan ta da farantin gyaɗa a ka, ta nufi tasha, don gidan dole a ci. Maganar talla wata rana ce, kada ku fara min ita a nan.