Coci ta nemi afuwa, amma kuɗin har yanzu yana hannunta

A 1838 limaman Jesuit na Katolika a jihar Maryland ta Amurka suka sayar da mutum 272, maza da mata har da jarirai, ga masu gonakin rake a Louisiana a kan dala 115,000, da wani ɓangare na kuɗin aka biya bashin da ya shaƙe kwalejinsu ta Georgetown. Kuma fa waɗannan bayin Katolika ne, cocin da ta yi musu baftisma ita ta sa hannu a takardar cinikin.

Sai a 2017 aka fito aka nemi afuwa, a 2021 Jesuit suka yi alkawarin tara dala miliyan 100 alhali jikokin bayin biliyan ɗaya suke nema. Cocin Ingila ma haka, da ta binciki littattafanta ta ga tsohon asusunta na tallafa wa limamai matalauta, Queen Anne's Bounty, ya zuba jari a South Sea Company mai safarar bayi, a 2023 ta ware fam miliyan 100, kwamitin da ita kanta ta naɗa ya ce wannan ya yi kaɗan.

Masu cewa ai ba mu muka yi ba, kakannin kakanni ne, ban yarda da su ba. Limaman sun mutu amma coci ba ta mutu ba, filayen da jarin suna nan, wanda ya ci gado kuwa shi ke biyan bashin mamaci.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake biyan. Da Birtaniya ta soke bauta a 1833 fam miliyan 20 ta ware wa masu bayin, kowa ya kawo lissafin kawunan da ya mallaka aka ƙirga masa, har da gonar Codrington a Barbados ta ƙungiyar mishan ta Anglika, inda ake ɗora ƙarfe mai zafi a ƙirjin bawa a rubuta Society, wato kalma daga sunan ƙungiyar. Amma da aka zo kan jikokin bayi sai gidauniya, sai kwamiti, sai taro bayan taro, wanda ya yi laifin shi ke yanke nawa zai bayar da yaushe.

Kuma ba wai abin ba zai yiwu ba ne. Makarantar horas da limaman coci ta jihar Virginia a Amurka ta ware dala miliyan 1.7 a 2019, ta bi takardu ta nemo jikokin baƙaƙen da suka yi mata aiki lokacin bauta da na wariyar launin fata, tun 2021 tana tura musu kuɗi hannu da hannu, ba ta tambayarsu me za su yi da shi.