Mai koyon Turkanci, rage dogaro da littafin Bature

Yaranmu da ke samun tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wato Türkiye Bursları, sai sun yi shekara guda a ajin harshe kafin su fara jami'a, kuma yawancin littattafan da suke haɗawa da su don masu jin Ingilishi aka rubuta. A ganina wannan zagaye ne, musamman a babin lokaci mai zuwa.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka ɗauki tushen aikatau ka liƙa masa -ecek ko -acak, wasalin ƙarshe ne ke zaɓa: gel ya zama gelecek, zai zo ko za ta zo, don su ba ruwansu da namiji ko mace. Yap ya zama yapacak, zai yi. In tushen ya ƙare da wasali sai y ya shiga tsakani, oku ya zama okuyacak, zai karanta. A "ni" da "mu" kuwa k ɗin ya koma ğ, harafin nan da ba a jin sa: geleceğim, geleceğiz. Gitmek, wato tafiya, shi ne ke yi wa mutane wayo, t ɗinsa d yake komawa, gideceğim.

Inda littafin Bature ke ɓatar da kai shi ne ya sa ka ɗauka duk inda aka ce "will", -ecek ne. Ina! Baturke in zai rabu da kai görüşürüz yake cewa, kamar "mâ haɗu", ba görüşeceğiz, "za mu haɗu", ba. In ka roƙe shi abu ya ce yaparım, kamar "nâ yi", bai tsayar maka da rana ba, yardarsa kawai ya nuna. Mu ai mun san wannan tun a gida. "Zan zo" daban, "nâ zo" daban, haka "za mu haɗu" da "mâ haɗu". Ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, amma Bahaushe ya fi Bature kusa da gane bambancin, to me zai sa ya bi ta Landan kafin ya isa Ankara?

Sai wani abu da littafin kan ɓoye sai can ƙarshe. A kasuwar Laleli ta Istanbul, inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya, da wuya ka ji geleceğim cikakke. Gelicem za ka ji, yapıcam, gidicem, a guje. Rubuta cikakken a jarrabawa, amma tun makon farko ka saba wa kunnenka da gajeren.