Ba a Rasha Napoleon ya fara shan kaye ba

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari, amma inda ka ce Napoleon bai taɓa shan kaye ba sai da ya afka wa Rasha a 1812, akwai gyara. Ina ka baro Yarima Charles na Ostiriya, ƙanin Sarki Francis? A ranakun 21 da 22 ga Mayun 1809, a ƙauyukan Aspern da Essling kusa da Vienna, shi ya taka wa Faransawa birki. Napoleon na ƙoƙarin tsallaka kogin Danube, sai 'yan Ostiriya suka riƙa sako gungumen itace da kwale-kwale maƙare da duwatsu, ruwa ya kwaso su yana ragargaza gadar da Faransawa suka haɗa. Ƙarin dakaru da harsasai suka kasa isowa. A nan Marshal Lannes, aminin Napoleon, ya samu raunin da ya yi ajalinsa.

Yarima Charles ɗin nan fa yana fama da farfaɗiya tun ƙuruciya, ga 'yan fadar yayansa kullum suna masa katsalandan. Duk da haka tun 1796 ya fatattaki Janar Jourdan na Faransa a Würzburg.

Laifinsa a wurina, taka-tsantsan ya yi masa yawa. Bayan Aspern ya yi zaune wajen makonni shida, Napoleon ya sake shiri ya doke shi a Wagram cikin Yuli. Daga nan Charles ya ajiye muƙami, bai ƙara jagorantar babban yaƙi ba har ya rasu a 1847.