Maruru ba abin rainawa ba ne

Salamu alaikum. Na karanta wani labari na ƙwayar cuta da ke shiga jini daga ƙurajen fata, sai ya tuna mini da yayana a nan Birni, Damagaram. Shekara biyu maruru na fito masa, yau a hammata, gobe a cinya. Kowa ya ce ɗan zafi ne. Ya matse, ya sayi kafso ja da baƙi wurin masu talla a kasuwar Dole, ya sha kwana biyu ya ajiye.

Ranar da jikinsa ya ɗau zazzaɓi da rawar ɗari, numfashi sama-sama, har yana sambatu, muka ce masassarar sauro ce. Gwajin sauro bai nuna komai ba. Sai da likita ya sa aka shuka jininsa a laburatuwa, wato gwajin neman ƙwayar cuta a jini, aka ga wata ƙwayar cuta mai suna Staphylococcus aureus. Ya ce ƙwayar nan tana zama a hancin mutane da yawa lafiya lau, kuma amoksisilin da muke sha kamar gyaɗa galibi ba ya kashe ta. A nan kuma aka gano yana da ciwon suga, shi ya sa marurun ke ta dawowa.

Abin da labarin bai taɓo ba shi ne ƙarancin ruwa. Gidan da ake sayen jarka daga ƴan garuwa, wa zai wanke tawul kullum? Mu dai mun raba wa kowa reza da soson wankansa. Marurun fuska kuwa, tsakanin hanci da leɓe, don Allah a daina matsawa.